Sabon Famfo da Rigar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe famfon nan na bayan hasumiyar Gobarau ba, kuma ko ni na so in manta, tsofaffin unguwar ba za su bari ba. Har yau in na bi ta wurin sai wani ya ɗago daga tabarma ya ce, "Injiniya, a kawo maka ruwa?" sannan duk majalisar ta kwashe da dariya. Ni ma sai in taya su, don in ban yi dariyar ba abin ya fi ciwo.

Lokacin nan ne da kuɗin fetur suka sauko wa ƙasar nan kamar ba za su ƙare ba. Soja ke mulki, Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, kowa gini yake, kowa ya rataya rediyo mai kaset, wanda bai taɓa zuwa Kano ba ma ya hau jirgi ya sauke farali. Ni kuma na dawo gida da digirin injiniya sabo fil, aka ɗauke ni aiki a ofishin ruwa tun kafin in gama gaishe da dangi. Ku zo ku ga mutum! Suma ta cika kai, wando ƙafarsa ta isa a ɗinka wa yaro riga, takalmi mai tudu wanda in na hau shi sai na sunkuya a ƙofar zaurenmu. Aka ba ni babur besfa. Aka kuma ba ni farar hular kwano don shiga wurin aiki (ni kuwa har wurin mai tsire da ita nake zuwa, kada wani ya ɗauka malamin makaranta ne).

Ofishin namu sashe biyu ne. Akwai na ruwan sha, akwai na ruwan datti, wato kwatami da lambatu da masai da duk abin da ke biyo baya in mutum ya ci ya ƙoshi. Mu samarin injiniyoyi kowa ruwan sha yake so, don can ake yanka kintinkiri, can mai hoto yake zuwa. Shugabanmu Mista Bulus ne, mutumin Filato, gajere mai sanƙo, ya daɗe a Katsina har ya iya zagi da Katsinanci. Shi ne ya sa ni a ɓangaren ruwan sha, ya ce, "Na gwaji ne fa, ƙaramin injiniya. Kada ka fara ɗinka babbar riga." Ni ban ma ji ƙarshen maganar ba, hankalina yana wani wuri.

Wurin kuwa gidan Alhaji Mamman ne, babban mai sayar da rinannun tufafi a Babbar Kasuwa. Yana da 'ya, Saude. Ba zan tsaya kwatanta ta ba, abin da zan ce kawai shi ne in na ji muryarta daga cikin gida sai in manta abin da na zo faɗa. Manyana sun kai gaisuwa, an karɓa, amma Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya gaya wa ƙanin mahaifina, Baba Isa, shi ne, "Injiniyan ruwa? Ruwa kuma har sai an yi mashi injiniya? Ga 'yan ga-ruwa nan ba su je jami'a ba, kuma ba su taɓa fashi ba. A bari in ga aikin wanga yaro tukuna." Ga shi kuma akwai wani ɗan kwangila mai mota da ya fara zarya a layin. Kullum sai in ga sawun tayarsa a ƙofar gidan.

Ku yaran yanzu da kuke shan hannu da surukanku har kuna kallon ƙwallo tare, ba za ku gane halin da nake ciki ba. A lokacinmu mutumin da kake neman 'yarsa ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kama sunansa ko a bayan idonsa. In ka hango shi ka canja lungu. In babu lungun, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka tsuguna, ka kafa ido a ƙasa har ya wuce. Ni abin nawa ma ya yi yawa. Ina da aboki Mamman tun muna firamare, rana ɗaya na koma ce masa "mai sunan manya", har ya yi fushi ya daina kula ni.

Sai ga sa'a ta faɗo. Gwamnati ta ce a ja bututu a kai famfo cikin tsohon gari, kuma layin da aka ba ni ya ƙare ne daidai unguwar su Saude, inda rijiyoyinsu duk zartsi ne. Wayyo daɗi! Na ce to, Alhaji yana son ganin aiki, ga aiki har ƙofar gida. Na riƙa tsayawa bakin rami da hular kwano ina nuna wa leburori inda za su haƙa, alhali sun riga sun haƙa, duk don in Alhaji ya fito za shi kasuwa ya gan ni ina nuni. (In ya fito ɗin kuma sai in faɗa cikin ramin in ɓuya, don kunya. Har yau ban san abin da nake so ya gani ba.)

Da aiki ya kusa ƙarewa na je zance da yamma, ina ta cika wa Saude baki.

Ta ce, "Kai dai ka tabbata ruwan ya zo. Baba ya ce in famfon ya yi tari ya tofar da iska kamar na wasu unguwanni, to ya gama ganin aikinka."

Na ce, "Ruwa? Saude, sai kun roƙe ni in rage."

Ta ce, "To madalla. Don ya ce korensa zai sa ranar."

Nan na san abin ya girma. Kore ita ce baƙar rigar nan ta shuni da ake bugawa har ta riƙa ƙyalli, kuma ta Alhaji ba irin ta kasuwa ba ce. Ta mahaifinsa ce, aikin hannu tun daga saƙa har ɗinki, ba ta fitowa daga adaka sai ranar da ta isa rana. Saude ta ce tun da ta yi wayo bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba ta gan ta a jikinsa.

Yanzu bari in ɗan koya muku injiniyanci, kyauta. Sabon bututu ba a sakar wa mutane ruwansa haka nan. Ya kwana cikin rami, ƙasa ta shiga, ɓera ya shiga, wani lebura ma ya ajiye ragowar ƙosansa ciki ya manta. Saboda haka sai a cika shi da ruwa mai maganin kulorin mai ƙarfi, irin wanda ake cire dauɗar farin kaya da shi, a bar shi ya jiƙa. Sannan a je can ƙarshen layi, wurin da ya fi gangare, akwai wani bawul a cikin ɗan rami mai murfin ƙarfe, a buɗe shi ruwan maganin ya fice gaba ɗaya, a yi ta ɗauraya har wari ya ɓace. Bayan nan ne ake cewa bisimilla. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani, ni ma na sani, har maki mai kyau na ci a kansa.

Littafi ya faɗi yawan garin maganin da za a zuba. Amma wa ke bin littafi a shekarun nan? Sito cike yake da durorin magani har rufi, an sayo kamar za a wanke teku. Na ce unguwar surukai ce, a ninka, kada ƙwayar cuta ko ɗaya ta kai labari. Aka ninka. Heluman leburorina ya leƙa duron ya ga saura, ya ce, "Injiniya, gwamnati ce fa ta saya. Mu kinkimi ragowa mu mai da sito, kamar wasu matsiyata?" Na ga maganarsa da hankali. Muka juye duka, muka tafa.

Shirinmu shi ne a ɗauraye layin a tsanake kafin biki. Sai waya ta zo daga Kaduna cewa Kwamishina ya matso da ranar, don zai fita ƙasar waje, gobe-goben nan zai zo ya buɗe. Mista Bulus ya kira ni ya ce, "Da sassafe ka je ka buɗe bawul ka wanke layin nan tas. Ni zan tafi taryen baƙi wajen Batagarawa. Ka ji ko?" Na ce, "Yallaɓai, an gama."

Da sassafen na tashi, wallahi na tashi. Sai dai na ga sumata tana bukatar a ɗan daidaita ta, na biya wurin mai aski. Daga nan na biya wurin mai guga, don kwat ɗin da zan sa. Na wanke besfa. Na goge hular kwano da omo har ina ganin haƙorana ciki. Kafin in isa unguwar hantsi ya yi, kuma abin da na tarar ya sa na kusa faɗuwa daga kan babur. An kafa rumfa, an shimfiɗa jan kafet, an jera kujeru. Kujerar Kwamishina kuwa, wata ƙatuwa mai kushin da aka ɗauko daga gidan saukar baƙi, an dasa ta daidai kan murfin bawul ɗina. Duk faɗin filin nan wurin ne kaɗai aka yi wa siminti ya kwanta sumul, shi ya sa suka zaɓe shi.

Na nemi mai tsara bikin, wani dogon jami'i da aka turo daga Kaduna, yana ta gumi yana daka wa mutane tsawa. Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, da za a ɗan ɗaga kujerar can, akwai abin da zan buɗe a ƙarƙashinta."

Ya dube ni daga takalmi har hula. "Kujerar wa?"

"Ta... ta Kwamishina."

"Ka san tun yaushe nake auna kujerar nan da inuwa? Kai wane ne?"

"Injiniya ne."

"To injiniya, je ka yi injiniyancinka can gefe. Nan wurin manya ne."

Da mai hankali ne, da sai ya ce masa, Malam, guba ce cikin bututun nan, ko ka ɗaga kujera ko in ɗaga ta da kaina. Ni kuwa sai na ce, "To, ranka ya daɗe," har da ɗan rusunawa. Na zaga wurin famfon da niyyar in buɗe shi ruwan ya fita ta nan ko yaya. Na tarar an naɗe shi da ƙyalle kore da fari kamar amarya, an ɗaure da kintinkiri, ga ɗan sanda da kulki a tsaye. Ya ce, "An ce ko ƙuda kada ya sauka a kai." Na ce ni ne injiniyan da ya yi shi. Ya ce ko ni ne na haife shi.

Sai na koma gefe na fara yi wa kaina huɗuba. Me ake yi a bikin buɗe famfo? A yanka kintinkiri, a murɗa, ruwa ya zubo, a tafa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Suna tashi in ɗaga kujera in wanke layina, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Manyan mutane ba sa shan ruwan famfo, ga lemon kwalba can cikin ƙanƙara an tanadar musu. Kafin a jima na gamsar da kaina sarai, har na ji tausayin masu damuwa da ƙananan abubuwa.

Rana ta take, motoci suka iso da jiniya. Unguwa ta cika maƙil, mata a kan katanga da bakin ƙofofi, maroƙa suna ta kirari. Ga Alhaji Mamman a sahun gaba cikin korensa, rana na dukanta tana walƙiya, ya zauna ya baza ta kamar shi ake buɗewa. Mista Bulus ya ratso ya tsaya kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ka wanke layin?" Na yi wani irin motsi da kai wanda in an kai ni kotu zan iya rantsewa ba e na ce ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yawwa."

Kwamishina ya yi jawabi. Ya ce nan ba da daɗewa ba kowane gida sai an sa masa famfo, kowane ɗaki ma, har jakai sai sun manta hanyar rijiya. Aka yi tafi. Ya tako, aka miƙa masa almakashi a faranti, ya yanka, ya murɗa. Famfo ya yi shiru. Ya yi tari sau ɗaya, sai ga ruwa, shaaa, fari tas, da ƙarfinsa! Mata suka rangaɗa guɗa. Wani maroƙi ya hango hular kwanona ya ɗaga murya, "Ga injiniya ɗan Katsina, mai kiran ruwa ya amsa!" Jama'a, na kumbura. Na saci kallon Alhaji na ga yana gyaɗa kai, na ce shi ke nan, ɗan kwangila sai ka nemi wani layin.

Wari kam ya tashi, har ido yana yaji. Na ji wata tsohuwa daga bakin ƙofa tana cewa, "Wai warin mi ne haka?" Dogon jami'in nan ya juya ya ce mata, "Iya, warin zamani ne." Ta ce, "Allah sarki."

Ni ina jiran a watse, sai na ga mai unguwa ya zura hannu cikin riga ya fito da sabuwar moɗa. Nan na tuna abin da duk ɗan garin nan ya sani, ni ma na sani tun ina yawo ba wando: in an haƙa sabuwar rijiya ba a ɗiba sai babba ya fara sha ya sa albarka. Mutanen unguwa a wurinsu famfon nan rijiya ce, sai dai ta gwamnati. Mai unguwa ya tara moɗa ta cika, ya miƙa wa Kwamishina da hannu biyu. Kwamishina ya kai ta kusa da hanci, ya ɗan ja baya (ba banza ya zama Kwamishina ba), ya yi murmushi ya ce, "A'a, ai ruwan masu gari ne. Dattawan unguwa su fara." Mai unguwa ya waiga, ya duba sahun gaba, idonsa ya sauka kan rigar da ta fi kowace ƙyalli.

Alhaji Mamman ya miƙe ya karɓa.

Na ce a raina zai ji warin ya ajiye. Ina! Mutumin da ya tashi a bakin marina tun yana yaro, wane wari ne zai dame shi? Ya gyara tsayuwa, ya fara doguwar addu'a ga gwamnati da masu aiki, moɗa a hannu.

Dole in yi ihu. To in ce me? Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko za a yanka ni. In ce "Alhaji!" rabin rumfar nan alhazai ne, sai duk su waigo ban da shi. In ce "Baba!" ba a ba ni ba tukuna, rashin kunya ke nan a gaban duniya. Sai na ce bari in je kusa. Amma ta yaya zan tunkari surukina da takalmi a ƙafa? Wallahi tallahi, mutum na shirin shan guba, ni na duƙa ina kwance igiyar takalmi. Na cire ɗaya. Ina kokawa da na biyu na ji ya ce, "Bismillahi."

Ban san lokacin da na tashi ba. Ƙafa ɗaya a kan tudu, ɗaya a ƙasa, na ruga ina ɗingishi, na ture wani maroƙi, na tsallake kafet. Moɗa ta kai leɓensa na kai mata duka da iyakar ƙarfina, na haɗa da hannunsa. Ji kake fau! Ruwa ya wanke masa gemu da ƙirji ya gangara har ƙasan riga. Moɗa ta yi sama ta faɗo tana gangarawa har ƙafar Kwamishina, hular kwanona ta bi bayanta.

Wuri ya yi tsit. Famfo kaɗai ke zuba.

A nan ne jikina ya tuna tarbiyyar da aka yi masa. Na ga kaina a tsaye gaban surukina, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Sai na zube na tsuguna a cikin caɓi, na kafa kai ƙasa, na ce da ladabi, yadda kowa ya ji:

"Barka da rana. An wuni lafiya?"

Ban ji amsa ba, sai hannun ɗan sandan nan a wuyan kwat ɗina. Ya ɗaga ni sama kamar ɗan akuya, mutane suka ɓarke da salati, wani yana cewa taɓin hankali ne, wata tana cewa karatun boko ne in ya yi yawa haka yake yi. Mista Bulus ya ruga bakin famfo, ya tara hannu, ya sansana, ya juyo ya yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama. Ya rufe famfon, ya raɗa wa Kwamishina magana da Turanci, sannan ya sanar cewa ruwan yau na gwaji ne, kada kowa ya sha sai gobe. Ya sa aka sake ni.

Kuna tsammanin an tashi? Ba ku san bikin gwamnati ba. Saura jawabin godiya, kuma dogon jami'i ya rantse sai an yi. Kowa ya koma mazauninsa. Alhaji ya zauna a jiƙe, bai ko dube ni ba. Ni ina raɓe jikin turken rumfa da takalmi ɗaya.

Mai unguwa yana tsakiyar godiya na ga idon mutane ya bar shi ya koma sahun gaba. Na bi idonsu. Ƙirjin rigar Alhaji, inda ruwan ya sauka, ya daina ƙyalli. Ina kallo baƙin ya fara sakin jiki, ya koma wani shuɗi-shuɗi, ya koma ruwan ƙasa, ya tafi yana neman fari. Duk inda ɗigo ya taɓa sai ya buɗe ido. Kafin a jima rigar da ta fi shekarun Alhaji ta zama dabbare-dabbare kamar jikin zabuwa, da wani ƙaton farin tabo tun daga wuya har cibiya. Mai unguwa ya rasa inda ya tsaya a jawabinsa. Kowa ya gani sai mai rigar, don shi kansa a sama yake saboda fushi. Sai da na kusa da shi ya taɓa shi ya nuna masa. Ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce a hankali, "Inna lillahi. Wanga abu nike shirin sha?"

Washegari Mista Bulus bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Ƙaramin injiniya, daga yau ka koma ruwan datti. Can ko duro nawa ka juye babu mai sha." Aka karɓe farar hula aka ba ni dogon takalmin roba. (A can na yi aikina har na yi ritaya, kuma in gaya muku gaskiya na ji daɗinsa. Babu Kwamishinan da ya taɓa zuwa buɗe kwatami, babu mai kafa rumfa a kan ramin masai, mutum ya yi aikinsa cikin kwanciyar hankali.)

Amma a lokacin ba aikin ne ya dame ni ba. Saude ta daina fitowa. In na aika, a ce tana aiki. Na ga motar ɗan kwangila a ƙofar gidan da rana tsaka, an ma shimfiɗa masa tabarma. Abinci ya daina shiga, na rame, na aske sumar da kaina. Na tabbata na rasa ta, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi, wannan ya fi komai zafi.

Ana nan sai Alhaji ya aiko a zo. Baba Isa ya saka ni gaba yana faɗa tun daga gida har ƙofar zauren. Na tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, duka biyun wannan karon, na shiga na lafe a bayansa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da kasuwa da gajiya, kamar babu abin da ya faru. Baba Isa ya fara ba da haƙuri, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Malam Isa, tambaya gare ni. Tambayi yaron, da na sha, mi za ya faru?"

Baba Isa ya waigo. Na raɗa masa, ya faɗa: "Ya ce sai dai asibiti, in an yi sa'a."

"Wa ya zuba maganin?"

Na raɗa. "Ya ce shi ne."

"Wa ya kaɓe moɗar?"

"Shi ne dai, Alhaji."

Alhaji ya ja carbinsa. Can ya ce, "To ni mutum biyu na gani. Wanda ya kaɓe moɗa ya san ɗiyata yake nema, ya san in ya taɓa ni ya rasa ta, ya taɓa ni ɗin. Shi na ba Saude."

Baba Isa ya fara kabbara. Ni hawaye ne suka zubo mini, na ji kamar in yi ta birgima a zauren.

"Dakata, Malam Isa, ban gama ba. Saura wanda ya zuba magani. Shi ma ba ya tashi hannu banza." Ya jawo wani ƙunshi daga bayansa ya tura gabanmu. "Ga tashi kyautar. Ranar ɗaurin aure nike son in gan ta a jikinshi."

Ba sai na kwance ba na san ko mece ce. Kyautar suruki kuwa ba a mai da ita, ba a ajiye ta a adaka, godiya ake yi. Na yi godiya.

Haka aka ɗaura mini aure, a gaban duk wanda ya halarci bikin famfo da waɗanda labari ya kai wa suka zo ganin ido. Rigar ta yi mini yawa, tana jan ƙasa, farin tabon nan yana gaba kamar allon talla. Abokaina sun sha sababbin kaya sun yi nesa da ni. Duk wanda ya zo yi mini murna sai ya riƙe hannuna, ya dubi ƙirjina, ya ce "Allah ya sa alheri" da ƙyar, ya juya kafaɗunsa na rawa. Alhaji kuwa yana zaune cikin farar riga sabuwa, fuskar nan tasa ba alamar dariya, yana karɓar gaisuwa.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ya riƙe ni har ƙarshen aikina. In babban mutum ya zauna a kan bawul ɗinka, ka ce masa ya tashi tun da safe, komai girman kujerarsa. Zai harare ka, zai tambaye ka kai wane ne, iyakarta ke nan. Ni na ji nauyin ɗaga kujerar da babu kowa a kanta, na ƙare da dukan surukina a gaban gari.